Zaɓen 'yan wasa: abin da raunin Haller ya koya wa magoya bayan Giwaye

Duk ranar da koci ya fitar da sunayen 'yan wasan Côte d'Ivoire, gardama kan ɓarke a majalisun shayi na Biafra da Adjamé: me ya sa aka ɗauki wane, aka bar wane?

Haka aka yi a Disambar 2023, lokacin da Jean-Louis Gasset ya ajiye Wilfried Zaha, ya kira Sébastien Haller da Simon Adingra alhali suna jinyar rauni. Magoya baya da yawa suka ce kasada ce. Da Equatorial Guinea ta lallasa Giwaye 4-0 ranar 22 ga Janairun 2024, aka sallami Gasset, Emerse Faé ya karɓa.

Mai kallo wasan gobe yake dubawa, koci kuwa wasanni bakwai yake lissafawa, domin mai rauni kan iya warkewa kafin a yi nisa. Adingra ya farke ƙwallon Mali a minti na 90, Haller ya ci Kwango. Ranar 11 ga Fabrairu a Ebimpé, Adingra ya ba Haller ƙwallon da ta kayar da Najeriya 2-1. Gasset ya zaɓe su, Faé ya ɗaga kofin.