Bayahuden Da Ya Ƙi Danginsa

A hutun da ya wuce na sauka Dei-Dei, gidan kawuna, kusa da kasuwar katako. Wata rana da dare wani ɗan'uwana ya nuna mini wani majigi a kwamfutarsa. Tun daga ran nan abin bai bar raina ba, shi ya sa na ga ya kyautu in kawo muku labarinsa, ku 'yan'uwana masu shirin zama malamai.

Sunan majigin The Believer, watau Mai Imani. Wani Ba'amurke, Henry Bean, shi ya shirya shi cikin 2001, Ryan Gosling kuwa ya fito a matsayin saurayin, Danny Balint. A shekaran nan majigin ya ci babbar kyauta a bikin majigi na Sundance.

Kafin in ci gaba, bari in ɗan bayyana ko su wane ne 'yan Nazi. Su ne jam'iyyar Hitila, wanda ya mulki Jamus daga 1933 zuwa 1945. Aƙidarsu ita ce wai jininsu ya fi na kowa, a kan haka suka hallaka Yahudawa wajen miliyan 6. An ci su da yaƙi, amma har yanzu a Turai da Amurka akwai masu raya wannan aƙida.

To, abin mamaki, Danny Bayahude ne, ya yi makarantar addinin Yahudawa, ya iya karatun Attaura. Yana yaro mai kaifin kai, mai yawan tambaya. Wata rana ya yi gardama da malaminsa a kan labarin Annabi Ibrahim da yankan ɗansa, wanda su Yahudawa ke cewa Ishaƙu ne. Gardama ta yi zafi, aka rabu dutse a hannun riga. Da ya girma sai ya aske kansa ƙwal, ya ɓoye asalinsa, ya shiga cikin 'yan Nazi na birnin New York, ya zama ya fi su duka iya zagin Yahudawa, gama ya san su ciki da bai. Amma ran da suka fasa ɗakin ibadar Yahudawa, da ya ga abokansa suna wulakanta Attaura sai zuciyarsa ta ƙi. Ya ɗauke ta ya kai gida yana gyara inda ta yage. A ƙarshe ya dasa bom a wani ɗakin ibada, sa'an nan ya je ya kori mutane waje, shi kuwa ya tsaya ya mutu a ciki.

Kada ku zaci tatsuniya ce zalla. An ɗauko tushen labarin daga rayuwar wani mutum, Daniel Burros, wanda aka haifa a New York cikin 1937. Iyayensa Yahudawa ne, shi ma ya yi karatun addini. Bayan ya bar soja ya shiga jam'iyyar Nazi ta Amurka, ta George Lincoln Rockwell, daga baya ya zama babba cikin ƙungiyar Ku Klux Klan mai ƙin baƙar fata da Yahudawa. Wani ɗan jarida, McCandlish Phillips, ya gano asalinsa. Ran 31 ga Oktoba, 1965, jaridar New York Times ta buga labarin. A ranar Burros ya harbe kansa a garin Reading, yana da shekara 28.

Watakila wani ya ce, mu ina ruwanmu da wannan? Da ruwanmu ƙwarai. Ku tuna da Maitatsine a Kano cikin Disamba 1980, yawancin mabiyansa samari ne, waɗanda suka far wa kuwa mutanen garinsu ne. Ku tuna da 'yan makarantar da suka yayyage takardun shaidarsu suka bi Muhammad Yusuf a Maiduguri kafin rikicin 2009. Nan Abuja ma, ran 14 ga Afrilu, 2014, bom ya tashi a tashar motar Nyanya, ya kashe talakawa masu sammakon neman abinci. Aƙidun sun bambanta, amma hanyar shiga kusan ɗaya ce. Yaro yana da tambaya ba a amsa masa ba, yana jin kunyar rauninsa ko na mutanensa, sai ga wasu sun zo sun ce masa shi jarumi ne, suka nuna masa wanda zai ƙi. Daga nan gidansu ne farkon abin da zai juya wa baya.

Da safe na bi ta cikin kasuwar Dei-Dei, na ga Gbagyi da Hausawa da Ibo da Yarabawa kowa na cinikinsa. 'Ya'yansu ne za su zauna gabanmu a aji guda. Cikinsu lalle akwai mai kaifin kai irin Danny, wanda zai yi mana tambayar da za ta ba mu haushi. Idan ya yi, kada mu kai hannu ga bulala, kada kuma mu sa 'yan aji su yi masa dariya. Mu saurare shi, mu amsa abin da muka sani. Abin da ya fi ƙarfinmu mu kai shi wurin wanda ya fi mu ilmi. In mun ji yaro ya fara zagin wata kabila ko wani addini, ko yana raina iyayensa, mu jawo shi a jiki, mu nemi sanin wanda yake zama da shi bayan an tashi makaranta. Ice tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Yaron da malaminsa ya kora, akwai masu jiransa a waje, ba kuwa alheri suke nufinsa da shi ba.

Allah ya ba mu haƙurin wannan aiki, ya kiyaye mana yaranmu, amin.