Bashin banki: Yadda wanda ake bi zai ƙalubalanci cajin da ya wuce ƙa'ida

Da zarar bashin banki ya yi wa mutum katutu, abu na farko da yakan yi shi ne ya daina buɗe saƙonnin bankin. Daga nan sai ya daina ɗaga wayar jami'in da ke kula da asusunsa, har ya kai ga sauya hanya idan tafiya za ta bi da shi ta gaban reshen. Kunya ce ke jawo haka, wani lokaci kuma tsoro. Ga wasu ma akwai nauyin cewa tun farko bashi ne mai ruwa, wanda ba su so kowa ya san sun ci. A cikin wannan shiru ne lissafi ke kumbura, domin babu mai duba abin da ake ɗorawa a kai.

Bashi hanji ne, in ji Hausawa, yana cikin kowa. Kasancewar banki na bin mutum kuɗi bai ƙwace masa haƙƙin ya tambayi yadda aka yi lissafin ba, kuma Babban Bankin Najeriya, CBN, ya shimfiɗa ƙa'idoji a rubuce kan abin da banki zai iya caja da iyakar da ba zai wuce ba. Sai dai akwai maganganu biyu da masu ƙorafi kan cakuɗa, su yi asarar dukkansu. Ta farko ita ce an caje ni ba bisa ƙa'ida ba. Ta biyu ita ce ina cikin matsi, ba zan iya biya yadda aka tsara ba. Ta farko haƙƙi ce da ake nema da hujja, ta biyu kuwa sulhu ce da ake nema da lalama. Kowace da ƙofarta.

Abin da ma'aikatan banki ke kira obadiraf izini ne da banki ke bai wa mai asusun karant ya ciri fiye da abin da yake da shi, zuwa wani adadi da aka amince, na wani wa'adi. Ɗan kasuwar da ke jiran kuɗin kaya daga abokan ciniki, alhali ga dila na buƙatar a biya shi yau, shi ne ya fi amfani da shi. Ana lissafa ruwan ne kullum a kan abin da asusu ya nutse da shi, a cire a ƙarshen wata. Wannan ne ya sa kuskure a irin wannan asusu ya fi tsada: duk cajin da aka ɗora a kan asusun da ya riga ya nutse, shi ma ya zama bashi, kuma daga ranar zai fara haifar nasa ruwan.

Abin da kundin caji ya tanada

Kundin caje-cajen bankuna na CBN da ya fara aiki ranar 1 ga Janairun 2020 ya bar adadin ruwa a hannun banki da abokin hulɗarsa su daidaita, amma ya ɗaure sauran abubuwan. Kuɗin sarrafa takardun bashi ba zai wuce kashi 1 cikin 100 na abin da aka bayar ba, kuma sau ɗaya ake karɓarsa, lokacin bayarwa ko lokacin sabunta izinin da wa'adinsa ya ƙare. Idan aka sake tsara bashi, kuɗin sake tsarin ba zai wuce rabin kashi 1 cikin 100 na abin da ya rage ba. Idan banki zai sauya adadin ruwan da aka amince a kai, dole ne ya sanar da abokin hulɗa aƙalla kwanakin aiki 10 kafin sabon adadin ya fara aiki.

Wannan sharaɗi na sanarwa ya cancanci a tsaya a kansa. A farkon 2024 ma'aunin ruwa na CBN yana kan kashi 18.75 cikin 100, kafin ƙarshen Nuwambar shekarar ya kai kashi 27.5. Bankuna sun bi sahu sun ɗaga nasu, kuma yawancin takardun tayin bashi sun ba su damar yin hakan. Tambayar da mai bashi zai yi ita ce ko an sanar da shi kafin kowane ƙari, da kuma ranar da aka yi. Idan banki ya kasa nuna wasiƙa ko saƙon da ya aika, akwai abin magana a kan bambancin da ke tsakanin tsohon adadi da sabo.

Sai batun tara, inda aka fi samun saɓani. Kundin ya ba da sararin kwana 7 bayan ranar biya, wanda ba a cin tara a cikinsa. Bayan haka tarar bashin naira ba za ta wuce kashi 1 cikin 100 a wata ba, a kan adadin da aka gaza biya, ban da ruwan da ke gudana. A ɗauka wani mai sayar da atamfa a Kantin Kwari yana da izinin naira miliyan 5, sai asusunsa ya nutse da miliyan 5 da dubu 400. Abin da ya zarce iyaka shi ne dubu 400, tararsa kuma naira dubu 4 ce a wata. Idan aka lissafa tarar a kan dukkan kuɗin, za ta zama dubu 54. Bambancin dubu 50 ke nan a wata guda, kuma idan ruwan asusun kashi 30 cikin 100 ne, wannan dubu 50 kaɗai za ta jawo ƙarin kusan dubu 15 a shekara. Amma a lura: idan wa'adin izinin ya ƙare ba a sabunta ba, dukkan kuɗin ne ya zama wanda aka gaza biya, kuma banki na da hurumin cin tara a kan duka. Da yawa daga 'yan kasuwa ba su san ranar da izininsu ke ƙarewa ba sai sun ga tarar.

Akwai kuma kuɗin kula da asusun karant, wanda ya maye gurbin tsohon cajin COT da aka soke a 2016. A kundin 2020 iyakarsa naira 1 ce a kan kowace dubu, kuma a kan kuɗin da mai asusu da kansa ya fitar zuwa ga wani ko zuwa asusunsa na wani banki. Ba ya hawa kan ruwa ko cajin da banki ya cire da hannunsa, ba ya kuma hawa kan asusun ajiya.

Ma'aikacin gwamnati ta wata ƙofar yakan shiga wannan rami, sau da yawa ba tare da ya nemi obadiraf ba. Ya ci bashin albashi da za a riƙa cira ranar 28 ga wata, albashi bai shigo ba sai 10 ga wata mai zuwa, na'urar banki kuma ba ta san da jinkiri ba. Ta cire, asusu ya nutse. Kundin ya hana nutsar da asusu ba da izini ba, sai fa wanda ya faru ta dalilin biyan bashi irin wannan, kuma a nan ma ƙa'idar tara da kwana 7 ɗin ce ke aiki. Saboda haka wanda ya bar tsohon asusun albashi babu ko kwabo, ya dawo bayan shekara biyu ya tarar ana bin sa dubbai da suka taru daga ƙananan caje-caje da ruwan da aka ɗora musu, yana da dalilin neman a nuna masa inda ya nemi wannan bashi.

Yadda ake shigar da ƙorafi

Aikin yana farawa da takardu biyu: takardar tayin bashi da aka sa wa hannu, da cikakken bayanin shige da ficen asusu tun daga ranar da aka ci bashin. Bayanin wata-wata kyauta ne, wanda aka nema na musamman kuma kundin ya ƙayyade shi a kan naira 20 kowane shafi. Sai a zauna da biro a bi layi-layi, a ware duk abin da ba ruwan da aka amince ba ne, a rubuta ranarsa da adadinsa da sunan da banki ya ba shi. Aiki ne mai gajiyarwa, kuma wanda lissafi ke ba shi wuya gara ya nemi akanta. Akwai masu yin wannan bincike a kan wani kaso na abin da aka dawo da shi. Kafin a ba su takardu a daidaita kason a rubuce.

Wasiƙar ƙorafi ta kasance gajera, babu zagi, babu labarin wahala. Ta ambaci kowane caji da ranarsa, ta faɗi sharaɗin da ya saɓa wa, sannan ta nemi abu biyu: a mayar da kuɗin, a kuma sake lissafin asusun kamar ba a taɓa cire su ba. Buƙata ta biyun ce mutane ke mantawa, alhali a bashin da ya daɗe ruwan da cajin ya haifa yakan kai cajin kansa. A kai wasiƙar reshe, a sa a buga hatimi a kan kwafi, a kuma karɓi lambar ƙorafi. Wajibi ne banki ya shigar da kowane ƙorafi a rumbun CBN ya bai wa mai shi wannan lamba. Maganar baka da manaja, komai daɗinta, ba ta zama shaida.

Banki na da mako biyu ya warware ƙorafi na yau da kullum, na bashi da cajin da ya wuce ƙa'ida kuma kwana 30. Idan wa'adin ya cika babu amsa, ko amsar ba ta gamsar ba, sai a rubuta wa sashen kare haƙƙin abokan hulɗa na CBN, a haɗa da kwafin wasiƙar farko da lambar ƙorafin. Ana iya miƙa ta a reshen CBN na jiha, kuma ba a biyan ko sisi. Wanda ya tsallake bankinsa ya nufi CBN kai tsaye, mayar da shi za a yi. Tun 2015 kuma akwai wa'adin shekara 6 daga ranar da aka cire kuɗin, wanda bayansa ba a sauraren irin wannan ƙorafi.

Hujjar da ba ta cin nasara ita ce ta cewa cajin ya yi tsada kawai. Ko a Ingila, inda dubban ɗaruruwan mutane suka nemi a mayar musu da cajin obadiraf, Kotun Ƙoli ta yanke hukunci a Nuwambar 2009 cewa hukumar da ta kai bankuna ƙara ba ta da hurumin auna adalcin tsadar cajin ta hanyar dokar da ta dogara da ita. Sai a 2020 hukumar kula da harkar kuɗi ta ƙasar ta sauya ƙa'idojin da kanta. A nan ma abin da ke motsa banki shi ne a nuna masa layin da ya tsallake, ganin cewa kundin 2020 ya tanadi tarar naira miliyan 2 a kan kowane saɓawa.

Ƙofar sulhu

Shigar da ƙorafi ba ya dakatar da ruwa, ba ya kuma ɗage ranar biya. Wanda ya daina biya gaba ɗaya don yana jayayya a kan dubu 300 cikin miliyan 5, kansa ya cuta. Abin da ya fi shi ne ya ci gaba da biyan abin da zai iya daga ɓangaren da babu gardama a kai, ya rubuta wasiƙa ta dabam yana neman sassauci. A nan ne bayanin matsi ke da muhalli, tare da shaidarsa: takardar da ke nuna watannin da ba a biya albashi ba, rahoton gobarar da ta ci shago, takardar asibiti, ko shaidar kwangilar da aka kammala ba a biya ba. A faɗi adadin da za a iya biya duk wata, wanda da gaske za a iya. Ana iya roƙon a mayar da obadiraf ɗin bashi mai ƙayyadadden wa'adi, a tsawaita lokaci, ko a yafe wani ɓangare na tara. Babu dokar da ta tilasta wa banki amincewa, amma bashin da ya lalace na tilasta masa ware kuɗi daga ribarsa, don haka yakan fi son wanda ake biya kaɗan-kaɗan.

A yi hattara da jerin abubuwan. Takardar sake tsarin bashi kan ƙunshi jumlar amincewa da cewa adadin da ke ciki shi ne abin da ake bin mutum. Wanda ya sa hannu kafin a tace lissafi ya raunana ƙorafinsa da kansa. A fara tacewa, ko a sa a rubuta cewa sa hannun bai shafi ƙorafin da ke gaban banki ba.

Yayin da ake wannan, banki na iya amfani da tsarin GSI, wanda ya fara aiki ranar 1 ga Agustan 2020. Tsarin na ba shi damar bin lambar BVN ya kwashi kuɗi daga asusun mai bashi na wasu bankuna, har da asusun haɗin gwiwa. Amma uwar kuɗi da ruwanta kaɗai aka yarje a karɓa ta wannan hanya, ban da tara. Idan adadin da aka kwasa ya haɗa da tara, wannan ma ƙorafi ne mai zaman kansa.

Dokokin kare abokan hulɗa da CBN ya fitar a Disambar 2019 sun hana masu karɓar bashi kira ko zuwa wurin mutum tsakanin ƙarfe 9 na dare da 8 na safe ba da yardarsa ba. Sun hana a matsa wa dangi ko maƙwabta ko shugaban wurin aiki su biya, sai wanda ya tsaya wa bashin. Kafin a sayar da kadarar jingina kuma, sai an bai wa mai ita damar kwana 30 ya nemi mai saye da kansa, abin da kan kawo farashi mafi kyau fiye da gwanjo. Dokar 'yan sanda ta 2020 ta hana kama mutum a kan saɓa yarjejeniya kawai, kuma bashi a wannan rukuni yake.

Wuri guda ne bashi ke rikiɗewa ya zama laifi cikin sauƙi, wato cekin da babu kuɗi a bayansa. Dokar 1977 ta tanadi ɗaurin shekara biyu a kai. Idan aka nemi mai bashi ya rubuta cekuna masu kwanan wata na gaba a matsayin sharaɗin sassauci, kada ya rubuta adadin da bai tabbata zai kasance a asusun ranar da za a gabatar da cekin ba.