Harshen Python da Babbar Manhajar Kwamfuta: Matsalar Sauyin Harhaɗawa

Harshen Python, wanda Guido van Rossum ɗan ƙasar Holan ya fitar a shekarar 1991, ba ya aiki a kwamfuta sai an harhaɗa shi, watau an juya rubutunsa na asali zuwa abin da na'ura take fahimta. Wajen yin haka yakan jingina da wasu ƙananan manhajoji da ya tarar a cikin babbar manhajar da ke tafiyar da kwamfutar. Don haka idan masu kula da harshen suka sauya sharuɗɗan harhaɗa shi, maganar ba ta tsayawa a kansu kaɗai.

Alal misali, babbar manhajar nan ta CentOS 7, daga dangin Linux, ta fito a 2014 ɗauke da Python 2.7.5. Ba don ado aka sanya shi ba. Da shi aka rubuta yum, manhajar da ke saukar da sauran manhajoji tana sabunta su. Wanda duk ya yi karambanin cire tsohon Python ya dasa sabo a gurbinsa, sai yum ta tsaya cik. Abin da ya taɓa hanci, ido ya yi ruwa. Shi ya sa ko da masu harshen suka daina kula da Python 2 a farkon 2020, CentOS 7 ta ci gaba da riƙe shi har ƙarshen wa'adinta a watan Yunin 2024.

Sa'an nan a 2021 Python 3.10 ya fito da sharaɗin cewa sai da OpenSSL 1.1.1 ko wanda ya fi shi, watau manhajar da ke sirranta saƙo a intanet. CentOS 7 kuwa 1.0.2 gare ta. Abin takaicin shi ne harhaɗawar takan kammala kamar lafiya lau, amma babu sashen sirrantawar. Sai mutum ya zo saukar da kayan aiki da pip sannan ya tarar hanya a toshe.

Kamfanin Apple bai tsaya jan magana ba, ya cire Python 2.7 daga macOS 12.3 a 2022. Debian 12 kuwa, a 2023, ta hana pip zuba kaya a cikin Python ɗinta, sai dai mai aiki ya keɓe wa kansa wuri dabam.