Kwanon Matafiyi a Magamar Jibiya

Tsakanin Katsina da Maraɗi bai cika kilomita 100 ba, tafiyar da lafiyayyar mota za ta shanye kafin hantsi ya dubi ludayi. Sai dai akwai iyaka a tsakani. A Magamar Jibiya ana tsayawa gaban kwastan da jami'an shige da fice, a ƙetare kuma, a Ɗan Isa, 'yan duwan da jandarmomi na jira. A jira mota ta cika, a jira a duba takardu, a jira a sauke kaya a sake ɗaurawa. Wanda ya fito gida da asuba da niyyar karya kumallo a Maraɗi sau da yawa a bakin iyaka azahar take riskarsa. Daga wannan jira ne wata sana'a ta samu gindin zama, sana'ar ciyar da matafiyi, wadda dubban bakuna ke ci daga gare ta amma ba kasafai ake sa ta cikin lissafi ba idan manya na zancen cinikin ƙasa da ƙasa.

Wanda ke fara buɗewa shi ne mai shayi. Kafin a sallame sallar asuba ya hura wuta, tukunyar ruwa ta fara huci, ya jera gwangwanayen madara da sukari, ya tara ƙwai a kiret, burodi na gefe an lulluɓe shi da leda saboda ƙura. Idan direba ya zauna kan benci ba sai ya yi dogon bayani ba. Mai shayin ya san wanda ke son shi da kauri da wanda likita ya hana wa sukari. Zai ɗaga kofi sama ya tsiyayo shayin cikin wani, ya mayar, ya sake, har kumfa ta taso zafin ya sassauta, sannan ya miƙa da hannun dama. A teburinsa ake jin farashin sefa na ranar tun kafin 'yan canji su fito, a nan ake sanin ko hanya lafiya, a nan ake barin saƙo ga wanda zai wuce da yamma.

Can gefe kuwa mai waina ce a gaban tanda, tana ɗiga mai a kowane gurbi, ta zuba ƙullu da ludayi, ta juya da tsinke ba tare da ta dubi hannunta ba. Yaron mota zai tsuguna ya ce, "Inna, a sa mini miya da yawa, tun jiya rabona da abinci." Ita kuma ta ce, "To ɗana, wanke hannu tukun, ga buta nan." Idan rana ta ɗaga sai masu shinkafa da wake da mai da yaji su karɓi fage, da ɗanwake, da awara, da matan Fulani da ƙoren fura da nono. Da la'asar hayaƙin masu tsire da balangu ya tashi. Abin da ya bambanta wannan wuri da sauran tashoshi shi ne yadda girkin ƙasashen biyu ya cuɗanya: dambu da zogale irin na mutanen Maraɗi, soyayyar fara a lokacinta, cuku daga arewa, dogon burodin nan mai ɓawo da Faransawa suka bari a Nijar. Kuɗi ma iri biyu ne. Mai abinci tana karɓar naira, tana karɓar sefa, ta yi lissafin dala da jaka a ka, ta ba da canji ba kuskure.

Ba abin mamaki ba ne, don jama'ar ɗaya ce. Sarakunan Katsina da jihadi ya fitar daga birni a 1807 su ne zuriyarsu suka kafa Maraɗi, kuma har yau Sarkin Katsina ake kiran mai sarautar can. Layin da ya ratsa tsakani Ingila da Faransa ne suka shata shi a yarjejeniyoyinsu na 1898 da 1904 da 1906. Ciyar da baƙo a hanya kuwa ta girme wa layin nesa ba kusa ba. A zamanin fatake, idan madugu ya sauke ayari a zango, matan gari ne ke fitowa da tuwo da fura su sayar, a manyan kasuwanni kuma fatoma ke ba baƙo ɗaki da abinci, ya haɗa shi da mai saye. Masani Abner Cohen, a littafinsa na 1969 kan unguwar Sabo ta Ibadan, ya nuna yadda cinikin shanu da goro ya dogara kan masu gida da ke saukar da baƙi suna ciyar da su. Addini ma bai bar matafiyi a baya ba, tunda yana cikin mutum takwas da aka ware wa zakka. Rumfunan Magama jikokin wancan tsari ne, ko da masu su ba su taɓa jin sunan fatoma ba.

Jikokin fataken kuwa yanzu sun yi nisa. Alhazan Maraɗi da 'yan kasuwar Katsina da Kano suna saro kaya a Dubai da Guangzhou ta ƙasar Sin, kuma duk wanda ya zauna da su ya san bayan farashin kwantena babu abin da suke yawan ba da labari kamar abinci. Damuwar Bahaushe ta farko a can ita ce halal. A unguwar Xiaobei, inda 'yan Afirka suka fi sauka a Guangzhou, mafitarsa ita ce shagunan Musulmin Sin, musamman 'yan ƙabilar Hui masu taliyar Lanzhou, wadda ake ja da hannu a gaban mai saye a tsoma ta cikin romon naman sa. Wasu su koyi ci da tsinke biyu, wasu su roƙi cokali. Da yawa ba sa barin gida sai da guzurin yaji da kilishi da garin kunu, kuma idan kwanaki suka yi tsawo sai a shiga cigiyar gidajen da 'yan Afirka ke tuƙa tuwo. Haka alhazai ke yi a Makka, inda matan Hausawa mazauna can suka daɗe suna sayar da tuwo da miyar kuka kusa da masaukai.

Asiyar ma ta biyo su gida. Indomie da mai shayin Magama ke soyawa da ƙwai asalinta ta Indonesiya ce, kodayake tun tsakiyar shekarun 1990 ake yin ta a Ota ta jihar Ogun. Koren ganyen shayin da ake dafawa a ƙaramar buta daga Sin yake zuwa. Shinkafar da aka yi shekaru ana tsere da kwastan a kanta a dazukan Jibiya, ta Tailan da Indiya ce.

Wannan shinkafa tana cikin dalilan da gwamnatin Muhammadu Buhari ta bayar lokacin da ta rufe iyakokin tudu a watan Agustan 2019. A watan Nuwamba na shekarar aka hana kai man fetur gidajen man da ke tsakanin kilomita 20 da iyaka. An buɗe wasu iyakoki a Disambar 2020, amma ta Jibiya sai a Afrilun 2022. Ba a gama farfaɗowa ba sojoji suka kifar da gwamnatin Mohamed Bazoum a Nijar ranar 26 ga Yulin 2023, aka sake garƙame ƙofa har zuwa Maris na 2024. Ga kuma ta'asar 'yan bindiga da ta sa direbobi suka riƙa gudun tafiyar dare. An yi ta rubutu kan asarar manyan 'yan kasuwa da tirelolin da kayansu suka lalace a layi, kuma asara ce ta gaske. Amma babban ɗan kasuwa yana da wata hanyar, yana da ajiya. Matar da jarinta tiya biyu ce ta shinkafa da kwalbar mai, idan mota ba ta tsaya ba kwana uku, jarin ne za a dafa wa yara. Idan aka buɗe iyaka kuma ba wanda ke mayar mata da shi.

Akwai kuma abin da ƙauna ba za ta sa a ɓoye ba, wato ruwa. Baho ɗaya ake wanke kwanuka a ciki tun safe, ruwan ya yi kauri ba a canza ba, domin kowace jarka saye ake yi daga 'yan garuwa. Makewayi ya yi ƙaranci, ƙuda kuma ba ya neman izini. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta a 2015 cewa mutum miliyan 600 ke kamuwa da ciwo duk shekara saboda gurɓataccen abinci, 420,000 daga ciki su rasu. A wannan yanki ba labarin nesa ba ne: amai da gudawa da ya ɓarke a gundumar Madarunfa ta jihar Maraɗi a Yulin 2018, da wanda ya game arewacin Najeriya a 2021, duk sun nuna cuta ba ta tsayawa a duba mata takardu. Ni dai ba na ɗora laifin kan mai waina. Wadda ta ce wa yaro ya wanke hannu ta san tsabta. Famfo ne ba ta da shi, alhali madatsar ruwan Jibiya na nan kusa da garin.

A nan ne abin da wasu ƙasashen Asiya suka yi ya cancanci a duba. Singafo ta taɓa fama da irin wannan hali, masu abinci birjik a bakin titi, ba ruwa, ba magudana. Hukuma ta yi musu rajista a 1968 da 1969, daga 1971 zuwa 1986 kuma ta gina musu rumfuna masu famfo da wuta da wurin zubar da shara, ta ba su haya mai sauƙi. Girkinsu bai canza ba, masu shi ma ba su canza ba. A Disambar 2020 hukumar UNESCO ta sa wannan al'ada cikin jerin abubuwan gado na duniya. Japan kuma tun 1993 take kafa tashoshin hutu a bakin manyan hanyoyi, yanzu sun haura 1,000, inda matafiyi ke samun makewayi mai tsabta, manoman yankin kuma su sayar da amfaninsu. Ba wanda ke cewa Jibiya na da kuɗin Singafo. Amma rijiyar burtsatse mai aiki da hasken rana, da rumfa mai daɓen siminti, da makewayi na maza da na mata, ba su fi ƙarfin ƙaramar hukuma ba, balle jiha, balle hukumar kwastan da ke tara kuɗin shiga a wurin.

Lokacin yin maganar ma yanzu ne. A Fabrairun 2021 aka aza harsashin layin dogo mai tsawon kilomita 284 daga Kano zuwa Maraɗi, wanda kamfanin Mota-Engil ke ginawa, kuma Jibiya na cikin garuruwan da aka tsara wa tasha. Abin da aka saba gani shi ne idan sabon gini ya tashi sai a zagaye shi da katanga, a ba wani mai hali shago a ciki, a kori masu tallar da suka riƙe wurin shekara da shekaru. Kiran da nake yi ga gwamnatin Katsina da ƙaramar hukumar Jibiya da masu tsara tashar shi ne a ƙirga masu abincin Magama tun yanzu, a rubuta sunayensu, a ware musu fili a jikin tashar, a kai musu ruwa kafin jirgin farko ya iso.