Fim ɗin da ka fi so da wanda zai ci Oscar: yadda ake hasashe a kakar kyaututtuka

Da zarar watan Disamba ya kama, masu sharhin fina-finai a duniya kan fitar da jeri biyu. Na farko shi ne finafinan da suka fi burge su a shekarar, na biyu kuma waɗanda suke tsammanin za su kwashe kyaututtuka daga Janairu zuwa Maris. Jerin biyun ba kasafai suke zuwa ɗaya ba, kuma akwai dalili. Kyautar Oscar ta Amurka, wadda aka fara bayarwa a 1929, zaɓe ce da 'yan sana'ar fim kimanin 10,000 suke yi a tsakaninsu. Wanda ya san su wane ne masu jefa ƙuri'ar, ya kuma san yadda ake ƙirga ta, zai fi wanda ya kalli finafinan kawai iya faɗin inda kambun zai tafi. Kakar finafinan 2024, wadda aka rufe da bikin Oscar karo na 97 ranar 2 ga Maris, 2025, ta nuna wannan a fili.

Abu na farko da mai hasashe zai cire daga ransa shi ne cinikin kasuwa. Fim ɗin da ya fi kowane kawo kuɗi a 2024 shi ne Inside Out 2, na zanen yara, wanda ya tara sama da dala biliyan 1.6. Amma a rukunin finafinan zane, wani ƙaramin fim daga ƙasar Latbiya mai suna Flow ne ya kayar da shi. Babu magana ko ɗaya a cikin Flow. Wata baƙar kyanwa ce ambaliya ta cinye gidanta, ta faɗa wani kwale-kwale tare da kare da tsuntsu da wasu dabbobi, dole ta koyi zama da waɗanda take tsoro. Shi kuwa Deadpool & Wolverine, da ya tara fiye da dala biliyan 1.3, ko sunansa bai fito a rukuni ɗaya ba.

Masu zaɓen sun kasu rassa-rassa bisa sana'a: 'yan wasa, daraktoci, marubuta, masu ɗaukar hoto, masu tace hoto, masu kiɗa da sauransu, kuma reshen 'yan wasa ne mafi yawan mutane. A zagayen farko kowane reshe yana tsayar da 'yan takarar fanninsa, daraktoci su zaɓi daraktoci, marubuta su zaɓi marubuta. A zagaye na biyu ne kowa yake da damar jefa ƙuri'a a dukkan rukunai.

Rukunin gwarzon fim shi ne mai tsarin ƙidaya na daban, tun daga bikin 2010. Mai zaɓe zai jera finafinai goma da ke takara daga na ɗaya zuwa na goma. Idan babu wanda ya sami fiye da rabin ƙuri'un matsayi na ɗaya, sai a cire fim ɗin da ya zo na ƙarshe, a ɗauki takardun waɗanda suka zaɓe shi a ba fim ɗin da suka sa a matsayi na biyu. Haka za a yi ta cirewa ana rabawa har wani ya haura rabi. Sakamakon wannan tsari shi ne fim ɗin da wasu suke mutuwar so, wasu kuma suke ƙi jinin gani, yana shan wahala. Wanda kowa ya sa a na biyu ko na uku shi ne yake tattara ƙuri'u a hankali har ya wuce.

Hausawa na cewa Juma'ar da za ta yi kyau tun daga Laraba ake gane ta, kuma Larabar Oscar ita ce kyaututtukan ƙungiyoyin sana'a, domin da yawa daga cikin masu zaɓen Oscar 'ya'yan waɗannan ƙungiyoyin ne. Ƙungiyar furodusoshin Amurka, PGA, tana amfani da irin wancan tsarin ƙidaya, shi ya sa daga 2010 zuwa 2025 sau uku kacal zaɓinta ya saɓa da na Oscar: The Big Short, La La Land da 1917. Ƙungiyar daraktoci, DGA, tun daga ƙarshen shekarun 1940 ba ta yi kuskuren da ya kai goma ba a rukunin gwarzon darakta. Sai ƙungiyar 'yan wasa, SAG, da kuma BAFTA ta Birtaniya, wadda take nuna inda masu zaɓe na Turai suka karkata. Golden Globes ta fi su suna a wajen jama'a, amma 'yan jarida ne suke zaɓenta, kuma ba su ne masu ƙuri'ar Oscar ba.

A Janairun 2025, Golden Globes ta ba The Brutalist da Emilia Pérez manyan kyaututtukanta, aka yi ta cewa takarar tsakaninsu take. Da aka fitar da sunayen 'yan takarar Oscar, Emilia Pérez ya fito a wurare 13, adadin da wani fim da ba na Turanci ba bai taɓa samu ba. Kwanaki kaɗan bayan haka aka tono tsofaffin rubuce-rubucen da jarumar fim ɗin, Karla Sofía Gascón, ta yi a shafin X, inda ta ci mutuncin Musulmi da wasu al'ummomi. Nan take farin jinin fim ɗin ya zube, ya ƙare da kyauta biyu kawai. A mako na biyu na Fabrairu kuma Anora, wanda ya riga ya ci babbar kyautar bikin Cannes na Faransa a Mayun 2024, ya lashe PGA da DGA a dare ɗaya. Daga nan masu lura suka san inda aka dosa, duk da cewa Conclave ya ci BAFTA da babbar kyautar SAG. Daren Oscar Anora ya tashi da kyaututtuka 5, huɗu daga ciki a hannun daraktansa Sean Baker.

Alamun kan yi ƙarya wani lokaci, musamman a rukunin 'yan wasa. Demi Moore ta ci Golden Globes da SAG, kusan kowa ya ba ta, sai Mikey Madison ta Anora, wadda BAFTA ta zaɓa, ta ɗauke kambun. Timothée Chalamet ya ci SAG, amma Adrien Brody na The Brutalist ne ya ci Oscar.

Sai kuma batun kamfe, wanda masu kallo ba sa gani. Kamfanoni suna kashe miliyoyin daloli a tallace-tallace, da shirya kallo na musamman, da yawo da jarumai daga taro zuwa taro don su gaisa da masu zaɓe. An shirya Anora da kimanin dala miliyan 6, amma kamfanin Neon da ya fitar da shi ya kashe kimanin miliyan 18 wajen talla da rarrabawa da kamfe. Wannan ya sa kamfanoni ke ajiye finafinan da suke sa wa rai har zuwa ƙarshen shekara, don kada a manta da su kafin ranar zaɓe.

A nan ne labarin ya shafi Najeriya. Kowace ƙasa tana da damar aika fim ɗaya a rukunin finafinan ƙasashen waje, da sharaɗin yawancin maganar cikinsa ba Turanci ba ce. A 2019 an cire Lionheart na Genevieve Nnaji saboda kimanin minti 11 ne kawai na Igbo a cikinsa. Shekarar da ta biyo baya Najeriya ta aika The Milkmaid, wanda yawancinsa Hausa ne, kuma Maryam Booth ta ci kyautar AMAA ta Afirka da shi. A kakar 2024 ma fim ɗin Hausa ne ya wakilci ƙasar, wato Mai Martaba, wanda Adam A. Zango ya fito a ciki. Bai shiga jerin 15 da aka tace ba. Fim ɗin da babu kamfanin da zai kai shi gaban masu zaɓe a Amurka da Turai, ko yaya kyansa yake, da wuya a kalle shi balle a zaɓe shi.

Wanda ya ci wannan rukunin a kakar 2024, I'm Still Here na Walter Salles daga Brazil, yana cikin waɗanda ni kaina na fi so a shekarar. Labarin gaskiya ne na Eunice Paiva, wadda gwamnatin soja ta ɗauke mijinta a 1971, bai sake dawowa ba. Akwai wurin da ɗan jarida ya zo ɗaukar hoton iyalin, ya nemi su ɓata fuska don hoton ya dace da labarin, ita kuwa ta umarci 'ya'yanta su yi murmushi. Haka ma No Other Land, wanda Falasɗinawa da Isra'ilawa huɗu suka haɗu suka shirya a kan rushe gidaje a Masafer Yatta, ya ci rukunin labarin gaskiya alhali babu wani babban kamfani a Amurka da ya yarda ya rarraba shi.

Saboda haka idan kakar kyaututtuka ta zagayo, mai son hasashe ya jira PGA da DGA, ya dubi SAG da BAFTA, ya tambayi wane fim ne ba shi da maƙiya da yawa. Mai neman abin kallo kuwa ya tuna cewa kambu ba shaidar tarbiyya ba ne. Anora labarin mai rawar gidan dare ne da ta auri ɗan wani attajirin Rasha, cike yake da tsiraici da ashar, kuma ba fim ne da za a kunna a gaban iyali ba. A bincika abin da fim ya ƙunsa kafin a kawo shi gida, ko da kyauta nawa ya ci.