Rigar Iskar Masu Nutso: Wacce Ta Fi Mayar Da Kuɗi Gida?

Daga cikin kayayyakin da kamfanonin aikin ƙarƙashin ruwa da hukumomin ceto suke shigowa da su daga ƙasashen waje, akwai wata riga wadda mai nutso yake goya tulun iskarsa a kanta, wadda masu sana'ar suke kira BCD a taƙaice. Ana sayar da ita da kuɗin waje, kuma tun da Babban Bankin Nijeriya ya saki darajar naira a watan Yuni na 2023, dala ta tashi daga kimanin naira 460 zuwa fiye da naira 1,500 a farkon 2024. Wato rigar da ake saye dala 500 ta tashi daga naira 230,000 zuwa sama da naira 750,000 cikin 'yan watanni. Wannan ya sa ya zama wajibi ga mai saye ya yi lissafi kafin ya ba da oda.

Amfanin rigar ya samo asali ne daga halin ruwa. Duk mita 10 da mutum ya nutse a teku, matsin da ke kansa yana ƙaruwa da kwatankwacin matsin iskar sararin duniya baki ɗaya, kayan robar da ke jikinsa su tsuke, sai ya ƙara nauyi ya riƙa yin ƙasa. Haka kuma tulun alminiyam mai lita 11 yana ɗauke da iska mai nauyin kusan kilo 2 da rabi, kuma wannan nauyi yana raguwa yayin da ake shaƙar ta. Saboda haka mai nutso yana bukatar jakar da zai riƙa hura mata iska ko ya sace ta, domin ya tsaya daidai zurfin da yake aiki. Bafaranshe Maurice Fenzy ya fito da irin wadda ake ratayawa a wuya a 1961, shekara 18 bayan Jacques Cousteau da Emile Gagnan sun ƙirƙiro na'urar shaƙar iska a cikin ruwa. A shekarun 1970 kuma kamfanin Scubapro na Amurka ya fito da mai siffar falmaran.

Iri biyu ne suka fi cin kasuwa. Na farko shi ne falmaran, wanda jakar iskarsa ta zagaye baya da haƙarƙari, an kuma ɗinke shi da aljifai da madauri a wuri guda. Na biyu faranti ne na ƙarfe da ake goyawa, a ɗaura masa jakar iska ta bayansa, a zarga masa ɗamara. Masu nutso cikin kogunan duwatsu na Jihar Florida ne suka yaɗa shi, kuma kamfanoni irin su Dive Rite da Halcyon a can suke. A kasuwannin Amurka da Turai, falmaran na masu koyo yakan fara daga wajen dala 300, na alfarma kuwa yakan wuce dala 800. Cikakken haɗin faranti yakan faɗo tsakanin waɗannan biyun.

A ranar saye falmaran ya fi sauƙi, amma ɗan kasuwa ba ya tsayawa a farashin ranar saye. A ɗauka wani kamfani ya sayi falmaran dala 350, aikin yau da gobe ya kashe shi cikin shekara biyar. Tun da a ɗinke yake, idan jakar ta yage ko madaurin ya ruɓe, galibi sai dai a sayi sabo, ke nan dala 700 cikin shekara goma. A ɗauka kuma wani ya sayi haɗin faranti dala 650, ya sauya robar cikin jakar sau ɗaya a kan dala 100, da sabuwar ɗamara dala 30, jimla dala 780. Ratar da ta kasance dala 300 a farko ta koma dala 80, alhali farantin yana nan yadda yake, ana iya sayar da shi ko a ci gaba da aiki da shi. Abin da ya fi wannan muhimmanci a ƙasar da kuɗinta ke hawa da sauka shi ne, mai falmaran zai sake neman dala 350 a farashin canjin da bai san yadda zai kasance ba, mai faranti kuwa dala 130 kurum zai nema.

Shi kansa farantin iri biyu ne. Na ƙarfe marar tsatsa yana da nauyin kilo 2 da rabi ko kusa da haka, wanda ke rage darmar da mai nutso zai ɗaura a ƙugu. Na alminiyam bai cika kilo 1 ba, shi ya sa ya fi sauƙin ɗauka a jirgin sama. Ruwan teku ya fi ruwan daɗi nauyi da kashi 2 da rabi cikin 100, don haka mutumin da shi da kayansa suka kai kilo 100 yana bukatar ƙarin darma kilo 2 da rabi a teku, fiye da abin da zai ɗaura a madatsun Kainji, Jebba ko Shiroro. Farantin ƙarfe ya fi dacewa da mai aikin teku. Game da jakar kuwa, wadda ke iya ɗaga kilo 14 ta isa tulu ɗaya. Sayen babba mai ɗaga ninkin haka ga mai tulu ɗaya ɓarnar kuɗi ce, ga kuma wahalar fitar da iskar da ke maƙalewa a cikinta.

Duk da haka falmaran yana da inda ya fi. Makarantun koyar da nutso da shagunan haya na Hurghada da Sharm el-Sheikh a gaɓar Bahar Maliya shi suka fi ajiyewa, domin baƙo yana iya sa shi cikin minti ɗaya, kuma yana tsayar da mutum a miƙe a saman ruwa. Jakar baya kuwa idan an cika ta da yawa takan tura fuskar wanda bai saba ba zuwa cikin ruwa. Illar falmaran ga mai haya ita ce sai ya tanadi ƙanana da matsakaita da manya, alhali faranti ɗaya yana shiga kowa idan an daidaita ɗamararsa.

Akwai abubuwa biyu da mai niyyar shigo da wannan kaya ya kamata ya sani. Na ɗaya, ƙungiyar 'yan kwangilar ayyukan teku ta duniya, wato IMCA, ba ta amince da nutso da tulun goyo ba a ayyukan mai da gas na cikin teku. A can ana tura wa ma'aikaci iska ne ta tiyo daga saman jirgi. Kasuwar rigar ke nan ba ta wajen manyan kamfanonin mai. Tana wajen masu duba gindin ƙananan jirage, da masu bincike, da makarantu, da ƙungiyoyin ceto, waɗanda bukatarsu ta fito fili a haɗurra irin na Patigi a Jihar Kwara, inda jirgin ruwa ya kife a watan Yuni na 2023 mutane fiye da 100 suka rasu. Na biyu, wannan riga ba rigar ceton fasinja ba ce. Masu ƙera ta da kansu suna gargaɗin cewa ba ta da tabbacin juya fuskar wanda ya suma zuwa sama, saboda haka sayar da ita ga masu jiragen fito haɗari ne.

Inda arha ke zama tsada shi ne kayan gwanjo. Gishirin teku yana maƙale maɓallin hura iska, kuma idan ya maƙale a buɗe, jakar za ta yi ta cika ta fizgo mutum sama da gudu, abin da kan jawo fashewar huhu ko shanyewar jiki. Kafin a biya kuɗi, a hura rigar ta cika a bar ta ta kwana. Idan ta saki da safe, tana yoyo. A gwada kowane bawul, a duba ko rigar ta cika ma'aunin Turai mai lamba EN 1809, a kuma tabbatar dillalin yana da kayan gyaranta, tun da masu ƙerawa suna ba da shawarar a yi mata garambawul sau ɗaya a shekara.

Mai makaranta ko shagon haya zai fi samun riba da falmaran mai matsakaicin farashi da yadi mai kauri. Kamfani ko hukumar ceto mai ƙwararrun ma'aikata da ke shiga ruwa kullum kuwa, faranti ne sayen nagari a gare ta, muddin ta haɗa da robar jaka da bawul na ajiya a cikin odar farko.