Yadda ake gano asalin igiyoyin rediyo daga sararin samaniya da auna nisansu

Na'urar rediyo ta masana falaki tana nuna ɓangaren sama da igiya take fitowa, tana kuma auna ƙarfinta, amma ba ta faɗin nisan abin da ya aiko ta. Lamarin kamar na wanda ya ji kiɗan ganga ne da tsakar dare: ya san daga gabas yake zuwa, amma bai san ko ƙaramin makaɗi ne a bayan gida ko babban biki a wani ƙauye ba. Saboda haka aikin kashi biyu ne. Sai an fara nemo abin da yake haskawa a daidai gurbin da igiyar ta fito, sannan a tsattsage haskensa a karanta nisansa a ciki.

Kashi na farko shi ya fi ba magabata wahala. Kaifin ganin kowace na'urar hangen nesa ya dogara ne ga faɗinta idan an gwada shi da tsawon zangon igiyar da take kamawa. Zangon hasken da ido yake gani bai kai kashi ɗaya cikin dubu na milimita ba, alhali na'urorin rediyo na shekarun 1950 suna aiki ne da zangon da ya kusa mita biyu. Don haka gurbin da suke nunawa fili ne mai faɗi, wanda a hoton babban madubin hangen nesa za a tarar da taurari da galaksi ɗaruruwa a cikinsa, kowanne yana iya zama shi ne. Dabarar da ta rage matsalar ita ce haɗa eriya biyu ko fiye, a nesanta su da juna, su yi aiki kamar na'ura guda mai faɗi. A Ostareliya, John Bolton da abokan aikinsa sun kafa eriya a bakin dutse suna kama igiyar da ta zo kai tsaye tare da wadda ta daki teku ta dawo, tamkar suna da eriya biyu, kuma a 1949 suka danganta tushe uku da abubuwan da aka riga aka sani, ciki har da galaksin M87.

Tushen da ake kira Cygnus A ya fi waɗannan ba da mamaki. A 1951 Graham Smith na Jami'ar Kambirij ya auna gurbinsa da kyau, ya aika wa Walter Baade, wanda ya juya madubin Palomar mai faɗin mita 5 a Kalifoniya zuwa wurin. Abin da ya samu wata galaksi ce dushi-dushi mai siffa a hargitse. Rudolph Minkowski ya auna haskenta, suka buga sakamakon a 1954. Ashe ɗaya daga cikin tushen rediyo mafi ƙarfi a duk sama yana da nisan tafiyar haske ta shekara miliyan ɗari bakwai da wani abu.

Ga yadda ake wannan awo. Idan aka bi da haske ta cikin na'urar da take rarraba shi zuwa launukan bakan gizo, akan ga wasu layuka a wurare sanannu, domin kowane sinadari yana fitar da haske a zangonsa na kansa. Haidirojin, alal misali, yana da jan layi a nanomita 656 da wani shuɗi-kore a 486. Tun da sararin samaniya yana faɗaɗa, hasken da ya daɗe a hanya yakan miƙe, sai layukan su gusa zuwa ɓangaren ja. Ana raba yawan gusawar da zangon asali, a sami lamba da ake rubutawa da harafin z. Ta Cygnus A 0.056 ce. Gwargwadon girman lambar, gwargwadon nisan abin da daɗewar haskensa a hanya.

A 1959 masana a Kambirij suka fitar da kundinsu na uku mai ɗauke da tushe 471, kuma daga nan ne sunaye masu farawa da 3C suka samo asali. Shekara guda bayan haka Minkowski ya sami z na 0.46 a galaksin 3C 295, nisan da babu kamarsa a lokacin. Sai dai a wannan shekarar ne kuma Thomas Matthews da Allan Sandage suka tarar cewa abin da yake gurbin 3C 48 ɗigon haske ne mai kama da tauraro, mai layukan da ba su dace da kowane sinadari ba. Aka ɗauka wani baƙon tauraro ne na cikin galaksinmu. Wannan zaton shi ya toshe hanya, domin wanda ya yarda tauraro ne na kusa ba zai nemi babbar gusawa a layukansa ba.

Wata ne ya taimaka aka warware. A 1962 ya ratsa ta gaban tushen 3C 273, Cyril Hazard da abokan aikinsa kuwa suka bi shi da farantin Parkes mai faɗin mita 64 a Ostareliya. Tun da an san inda gefen wata yake a kowace daƙiƙa, lokacin da igiyar ta ɗauke da lokacin da ta dawo sun ba da gurbin da kuskurensa bai wuce kusan kashi ɗaya cikin 3,600 na digiri ba. Awon ya kuma nuna tushen gida biyu ne. Ɗaya ya faɗa kan wani “tauraro” da ko ƙaramin madubi mai kyau yana iya gani, ɗayan kuma kan ƙarshen wani siririn zaren haske da ya fito daga gare shi.

Maarten Schmidt, ɗan asalin ƙasar Holan da yake aiki a Caltech, ya ɗauki bakan hasken wannan “tauraro” a Palomar a ƙarshen 1962, ya yi makonni layukan suna ba shi ciwon kai. A ranar 5 ga Fabrairu, 1963 ya lura cewa tazarar da take tsakanin wasu daga cikinsu irin ta haidirojin ce, sai dai duk sun gusa da kusan kashi 16 cikin ɗari. Layin 486 yana zaune a 563. A raba bambancin 77 da 486, a sami 0.158. J. B. Oke ya tabbatar da hakan da ya gano jan layin a wajen 760. Nan take Jesse Greenstein da Matthews suka koma kan 3C 48 suka sami 0.37. Nisan 3C 273 ya haura tafiyar haske ta shekara biliyan biyu, kuma don a gan shi haka daga can, dole haskensa ya ninka na babbar galaksi sau da yawa. Irin waɗannan su ake kira kwezar. Yanzu an san ƙarfinsu yana fitowa ne daga iskar gas da take ɗaukar zafi yayin da take rugawa cikin ƙaton baƙin rami a tsakiyar galaksi.

Har yau akwai tarko a aikin. Yawancin manyan galaksin rediyo suna fitar da igiyarsu ne daga curi biyu a gefe da gefe, kamar yadda aka gano a Cygnus A tun 1953 a Jodrell Bank, don haka galaksin tana tsakani, a inda rediyo ba shi da ƙarfi. Akwai kuma dacewa: wani tauraro na kusa yana iya faɗowa kan layin ba tare da wata alaƙa ba, shi ya sa ake lissafa yiwuwar hakan kafin a yanke hukunci. Mafi muni shi ne bakan da ya nuna layi guda tak. Layi a nanomita 745 yana iya zama na oksijin mai asalin 373, wato z na 1, ko na haidirojin mai asalin 122, wato z sama da 5. Sai an sami layi na biyu, ko an duba siffar na farkon da kyau.

Don farauto mafi nisa, masana sukan zaɓi tushen da ƙarfinsu yake raguwa da sauri idan zango ya gajarta, musamman waɗanda ba a ga komai a gurbinsu ba. Ta haka aka sami galaksin TN J0924-2201 da madubin Keck a Hawai a 1999, mai z na 5.19. Yanzu matsalar ta koma ta yawa. Na'urar rediyo ta LOFAR a Turai ita kaɗai ta lissafa tushe sama da miliyan huɗu, ga MeerKAT mai faranti 64 a Afirka ta Kudu tana ƙarawa. Madubai ba za su iya bin su ɗaya bayan ɗaya ba, don haka akan kimanta z na mafi yawansu ta hanyar gwada ƙarfin haskensu a launuka daban-daban, a keɓe cikakken awon baka ga waɗanda kimantawar ta nuna sun fi nisa.